Babi na Huɗu: Ƙasa da Azara

A shekarar 1824 Baturen nan Hugh Clapperton yana Sakkwato, baƙon Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai aka kai shi ya ga wani masallaci da Waziri Giɗaɗo yake ginawa. Ya tarar aiki ya kankama, waɗansu na ƙawata ginshiƙai, waɗansu na kan rufi. A nan ya haɗu da shugaban maginan, wani ɗan ƙaramin mutum mai alamar basira. Da suka zanta, maginin ya shaida masa cewa shi Bazazzage ne, mahaifinsa ya taɓa zuwa Masar ya tsinto wani abu na ilmin gini a can, da ya rasu kuma ya bar masa takardunsa. Abu guda ya roƙi baƙon, wato ma'aunin tsawo irin na Turawa.

Waɗansu masana suna ganin wannan mutum shi ne Malam Mika'ilu, wanda ake kuma kira Muhammadu Durugu, wanda tarihi ya fi sani da Babban Gwani. Shi ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya da ke amsa sunansa, kuma ana jingina masa gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauci, wanda aka sa cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Labarin baka ya yi masa ado iri-iri. Ana cewa da dare yake gini, gari ya waye a ga bango ya tashi. Ana kuma cewa wani sarki ne ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama, saboda haka ba sai an ɗauke shi a matsayin tarihi ba. Abin da yake nunawa dai shi ne yadda mutane suka tsaya a ƙarƙashin rufin nan suka ɗaga kai, suka kasa yarda cewa hannun ɗan Adam da jar ƙasa kaɗai suka yi shi.

Kafin a gane abin da Babban Gwani ya yi, sai an san matsalar da kowane magini a ƙasar Hausa yake kwana da ita yake tashi da ita, wato itace. Ƙasa tana da yawa, ko'ina ka haƙa ka samu. Amma dogon katako mai ƙarfi wanda gara ba za ta cinye ba, wannan abu ne mai wuyar samu a ƙasar da daji bai yi kauri ba. Abin da Allah ya hore shi ne giginya. Akan sare namijinta, a tsattsaga kututturen a tsaye, a fitar da azara. Azara tana da jijiya mai tauri, gara ba ta cika yi mata illa ba, tana iya shekaru aru-aru a cikin bango. Aibinta ɗaya ne: idan aka shimfiɗa ta a kwance aka ɗora mata nauyin rufin ƙasa, tazarar da za ta iya ɗauka ba ta kai mita 2 sosai ba, in ta wuce haka sai ta lanƙwashe. Wannan shi ya sa ɗakunan soro na talakawa suke da tsawo amma ba su da faɗi. Wanda yake son ya ƙara faɗi sai ya yi tauyi, wato ya jera gajerun azara su leƙo daga saman bango ta kowane gefe don su rage tazarar, ko kuwa ya kafa ginshiƙi a tsakiyar ɗaki.

To, amma sarki yana son zauren da zai ɗauki fadawa, liman yana son sahu mai tsawo. Daga nan bakan gizo ya samo asali, kuma a ganina babu wata dabara a duk sana'o'in Hausa da ta kai ta zurfi.

Ga yadda ake yin sa. Tun bango bai kai ƙarshe ba, magini zai dasa azara a jikinsa, a tsaye amma ta ɗan sunkuyo cikin ɗaki. Ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya ƙyale ta ta bushe ta kama. In ta kama, sai ya ɗora wani jerin azara a kan na farko, wannan ya fi leƙowa, ya fi kwantawa. Haka zai yi ta yi hawa-hawa, yana yin irinsa a bangon da ke fuskantar wannan. Kowane ɓangare sunansa ƙafa. Sannu a hankali ƙafafun biyu za su yi ta matsowa a sama har su kusa gamuwa, sai a shimfiɗa azara ta haɗe su, a ɗaure tamau. Duk wannan ba tare da an kafa wani katako a ƙasa ya tallafe shi ba; kowane hawa shi ke riƙe da na gaba. Bayan haka sai a bi da yaɓe, a shafe gaɓoɓin nan har su zama lanƙwasa guda mai santsi, wanda ya gani ba zai ce akwai itace a ciki ba. Ƙasa tana ɗaukar nauyin da ke dannowa, azara tana riƙe da abin da ke neman tsagewa, kamar dai yadda rodi yake aiki a cikin kankare. Da wannan dabara ɗakin da bai iya wuce mita 2 ba ya koma yana kai mita 7 ko 8 babu ginshiƙi ko ɗaya.

Idan bakan gizo biyu ko fiye suka gicciye juna a tsakiyar rufi, shi ne ɗaurin guga. Gwanaye sukan yi gasa a nan: wani ya tayar da ƙafa huɗu, wani takwas, wani ya sa waɗansu su tashi daga kusurwa, har rufin ya rarrabu gida-gida, kowane gida an jera masa azara a karkace ta wata fuska dabam. A daidai mahaɗar akan manna tasa ko farantin tangaran, yana ɗaukar hasken fitila. Daga waje kuwa wurin ya yi tulluwa, don ruwan sama ya gangare ya bi indararo ya zuba nesa da gindin bango. A masallacin Zariya, Babban Gwani ya tayar da bakan gizo daga manyan ginshiƙai, wani na bin wani, ya yi wa ginshiƙan zane mai zurfi, layuka da kusurwoyi, ba tsuntsu ba dabba, ba kuma tarin launi. Hasken da ke shigowa ta ƙananan tagogi shi ke fito da zanen. Akwai natsuwa a aikin, irin wadda ta dace da mutanen da suka fito daga jihadi suna ƙyamar almubazzaranci, amma duk da haka suna son ɗakin Allah ya fi na kowa.

Ba a Zariya aka fara babban gini ba, ko kusa. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka sa harsashinta, a ƙarni na 12. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, kuma Gidan Makama ma ana danganta shi da zamaninsa. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye a Katsina. Can arewa, hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844. Sai dai waɗannan ƙarfinsu a kauri da tsawo yake. Buɗe ciki, a samu fili mai faɗi a ƙarƙashin rufin ƙasa, wannan a ƙarni na 19 ya kai ƙololuwa.

Mu sauko daga rufi mu dubi bangon kansa, domin a nan ne ake ganin cewa gini ba aikin magini kaɗai ba ne.

Duk kududdufin da ka gani a cikin tsohon birni, gidajen da ke kewaye da shi daga cikinsa suka fito. A nan ake haƙo ƙasa da rani, bayan an kawar da amfanin gona, hannaye sun samu sarari. A jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a zuba ciyawa, wani lokaci da kashin doki, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakewa. Ƙasar da ba ta sha tattaka ba ita ce ke tsagewa. Daga nan sai a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana har ya bushe ƙamas. Wajen ɗorawa, magini yana zaune a kan bango ya raba ƙafa, yaro na ƙasa yana jefo masa tubali ɗaya-ɗaya yana cafewa, ya kafa shi kai sama, ya maka curin ƙasa ya cike tsakani. Bangon yana farawa da kauri a gindi, ana rage jerin tubali yayin da ake hawa, shi ya sa ginin Hausa yake da wannan ɗan jingina da ke sa ido ya ga kamar daga ƙasa ya tsiro.

Abokin gabar wannan bango shi ne ruwa, kuma maganin ruwa daga wajen maƙwabta ake samo shi. Daga gona ake kawo ɓawon ɗorawa, a jiƙa shi, ruwan ya yi ja ya yi danƙo. Shi ne makuba. In an kwaɓa jar ƙasa da shi aka yi yaɓe, bango ya yi duhu-duhu mai ƙyalli, ruwa ya riƙa zamewa a kansa. Mai yaɓen yakan bar sawun tafinsa a jiki, zagaye-zagaye, wannan ma ado ne. Rufi da rawanin gini, inda ruwa ya fi duka, laso ake yi musu, laso kuwa sai an bi gida uku kafin a haɗa shi. A je marina a kwaso katsi, wato dattin baba da toka da ya kwanta a gindin karofi, a busar, a ƙona, a daka ya zama gari. A je majema a karɓo gashin jima, wanda aka kankare daga fatar awaki, da maiƙonsa a jiki. A shiga daji a haƙo saiwar dafara, a daddaka a jiƙa ta yi yauƙi. In an haɗa ukun nan an samu abin da ke yin aikin siminti, wanda in an shafe rufi da shi yakan yi shekaru yana tare ruwa. Marina ma da shi suke shafe ramukansu. Ka ga ke nan abin da marini ya zubar da abin da majemi ya yar, su ne rigar ruwan soron attajiri. Wannan ya isa ya nuna cewa ranar da karofi ya mutu a gari, ba rini kaɗai aka rasa ba. Magini ma ya rasa kayan aikinsa, ko da kuwa ilmin yana nan a kansa.

Sai kuma zanko, ƙahonnin nan da ke tsaye a kusurwoyin soro, waɗanda yanzu suka zama tambarin ginin Hausa har ana ɗora su a kan ginin bulo. Suna ƙara wa kusurwa nauyi da kauri a inda ruwa ya fi ci, kuma akan ce a jikinsu mai yaɓe yake maƙala igiya in zai hau gyara. Gyaran nan shi ne ran ginin. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an share bakin indararo, an maye gurbin abin da damina ta wanke. Itatuwan da suka yi cirko-cirko a jikin hasumiyar Agadas matakalar masu wannan aiki ce. Gidan ƙasa da ake kula da shi yana ganin jikoki da tattaɓa kunne. Wanda aka yi wa sakaci damina uku ta ishe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji Hausawa, kuma magina ba su ɗauki wannan a matsayin karin magana kawai ba.

Tsarin gidan kowa ya san shi, ba sai an daɗe a kai ba: zaure a bakin hanya, sai ƙofar gida inda samari da baƙi suke kwana, sai shigifa, sannan cikin gida. Ba a sa ƙofofin su kalli juna, don wanda ke zaure kada idonsa ya kai tsakar gida. Abin lura shi ne inda maigida yake zuba kuɗinsa. Ɗakin kwanansa yana iya zama ba yabo ba fallasa, amma zaure, inda zai karɓi mutane, a ɗaura aure, a raɗa suna, a yi zaman makoki, nan ne ake kiran gwani ya yi ɗaurin guga.

Zanen bango ya daɗe a cikin fada da masallaci da ɗakunan mata, amma fitowarsa waje, ya rufe fuskar gida gaba ɗaya, abu ne da ya bunƙasa a ƙarni na 20, sa'ad da kuɗin gyaɗa da auduga da fatauci suka shiga hannun mutanen da ba 'ya'yan sarauta ba. Ɗan kasuwa ba shi da tambari ba shi da algaita, amma yana da ƙofar gida. A Zariya da Kano, da unguwar Birni ta Damagaram, aka shiga yi wa zaure ado tun daga dakali har zanko. Hanya uku ake bi. Ta farko, wadda ta fi tsufa, a mulmula ɗanyar ƙasa da yatsu a jikin bango, zanen ya taso ya yi tudu. Ta biyu ta zo da siminti: a shafe bango, tun bai bushe ba a yanka zanen da wuƙa ko tsinke, daga baya a bi da fenti. Ta uku a yi zane da launi a kan farar ƙasa kawai.

Su kansu zane-zanen, yawancinsu ba a bango aka haife su ba. Wanda ya san aikin wuyan babbar riga, ko zayyanar da mahaddata suke yi wa allo da Alƙur'ani, ko aikin dukawa a kan jaka da sirdi, zai gane 'yan'uwansu a jikin soro. Dagi shi ne sarkinsu, igiya guda da ta sarƙe kanta ba a ganin farkonta balle ƙarshenta, wanda a zamanin Sardauna Ahmadu Bello ya zama alamar Jihar Arewa. Amma masu zanen ba su tsaya nan ba. Suka sa takobi da bindiga, sannan keke, agogo, mota, har jirgin sama. Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya, ya fitar da ɗan littafi a kan gidajen nan masu zane a 1963. Akwai masu ganin keke a jikin bango lalacewar gargajiya ce. Ni ban bi su ba. Mutumin da ya sa aka zana keke a ƙofar gidansa yana faɗin abin da ya burge shi a zamaninsa da harshen da ya gada, kuma sana'ar da ke iya haɗiye sabon abu ta mai da shi nata, wannan sana'a da ranta. Lokacin da ta koma maimaita dagi da zanko kaɗai a bakin otal da ofis, a lokacin ne ya kamata a damu.

In namiji ya gama bango da rufi, sauran aikin na mata ne, kuma littattafan da aka rubuta a kan ginin Hausa ba su cika ba su haƙƙinsu ba. Daɓe nasu ne. Matan unguwa su taru, a zuba tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa, kowace da madaɓinta, su durƙusa su yi ta bugu a tare suna waƙa, har ƙasa ta yi tauri ta yi sheƙi, ana iya shanya gari a kanta. A ɗakin tsofaffi akwai gadon ƙasa, wanda aka gina da rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi lokacin hunturu, ɗumi ya riƙa tasowa har asuba. Mai jego ma a kansa take kwanciya. Akwai gadon kara da na tukurwa ga mai ƙaramin ƙarfi. A jikin bango an bar alkuki, ɗan gurbin ajiye fitilar aci-bal-bal. A bakin ƙofa asabari ko tsaiwa. Kujera kuwa ta mace ce, 'yar gajeruwa da masassaƙi ya fafe daga itace guda, a kanta ake tuƙa tuwo a kanta ake kitso. Namiji tabarma ce tasa, malami buzu, basarake kilishi da tumtum na fata wanda dukawa suka yi wa aiki. Gidan Bahaushe na da ba shi da tarin kayan katako, rayuwa kusa da ƙasa ake yin ta, shi ya sa ma tagogi da gurabun ajiya suke inda hannun mai zaune zai kai.

Sai jere. Ranar da 'yan jere suka shiga ɗakin amarya, abin da suke yi tsara bango ne, kuma suna da ƙa'idarsu kamar yadda magini yake da tasa: babba a ƙasa, ƙarami a sama, launi ya amsa launi, kada a ga giɓi. A da ƙore ne, farare tas, waɗansu an yi musu zane da wuƙa ko da wuta, kowace da faifanta mai launi a kai, ga akushi baƙi wuluk, ga tasoshin tagulla irin na Bida ga wadda iyayenta suke da hali. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa da na Kwarori suka cika da kwanon sha da langa da kwalla masu fure, na Turai, sannan can gaba na Hong Kong, daga baya aka koma yin su a gida. Gado mai rumfa na ƙarfe ya kori na kara, aka tara masa katifa da matasai har sai an taka wani abu kafin a hau. Bayan kwalla sai tangaran, bayan jeren bango sai kabad mai gilashi. Kayan sun yi ta sauyawa, amma idon da ke tsara su bai sauya ba, kuma dukiyar matar ce, ranar da ta shiga matsi a ciki take zara ta sayar. Farantin da aka manna a tsakiyar ɗaurin guga, in ka duba, ɗan'uwan na jere ne, ya hau sama.

Turawan mulki da farko ba su raina ginin ƙasa ba. Gidan da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya zauna a Kano ya buɗe makarantar boko a 1909, na ƙasa ne, yana nan har yau. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, maginan gargajiya ne suka gina ta. Amma jirgin da ya kawo langa shi ya kawo kwanon rufi da siminti. A 1951 aka buɗe sabon Masallacin Juma'a na Kano, na zamani, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sauran garuruwa kuma suka bi sahu. Sannu a hankali gidan ƙasa ya zama abin da ake faɗa da sunkuyar da kai.

Gaskiya ce a faɗa, mutanen da suka koma bulo da kwano ba wauta suka yi ba. Yaɓe kowace shekara kuɗi ne da wahala. Rufin ƙasa da ya sha ruwa yana iya ruftowa kan masu barci, kuma duk damina ana jin irin wannan labari. Manyan gine-ginen ƙarni na 19 da muke alfahari da su, bayi da aikin tilas suna cikin abin da ya tayar da su, kuma babu mai fatan wannan ya dawo. Sai dai an yi asara wajen musayar. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa sai dare ya raba, shi ya sa soro yake da sanyi da azahar, da ɗumi da asubar hunturu. Ɗakin bulo mai rufin kwano kuwa a watan Afrilu sai da fanka, fanka sai da wuta. Mafi muni shi ne gamin gambizar da aka shiga yi, a shafe bangon ƙasa da siminti don a huta da yaɓe. Ƙasa tana numfashi, siminti ba ya yi. Ruwa ya samu tsaga ya shige baya, ya rasa hanyar fita, ya yi ta cin bango a ɓoye, fuska tana nan lafiya lau har ranar da za ta ɓallo gaba ɗaya. An cike kududdufai an yi gini a kai, ruwan da suke tarewa ya koma bin lunguna yana jiƙa gindin tsofaffin gidaje.

Masallacin Babban Gwani bai tsira daga wannan zamani ba. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. An yi sa'a kafin nan wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana shi dalla-dalla, kuma a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ya assasa a Jos an gina kwatankwacinsa da ƙasa. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na tsohon ginin a Zariya ya rufto kan masallata, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Ginin ya kusa shekara 190 a lokacin.

Wanda yake son ya ga sana'ar tana tafiya da ƙafarta, sai ya haura arewa. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa a Nijar, mutanen gari suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a a 1962, suka danƙa aikin ga Falke Barmu, manomi kuma magini ɗan garin. Aikin gayya aka yi, mai kawo ruwa na kawowa, mai buga tubali na bugawa, mai itace na kawo itace. Da farko gini ne mai sauƙi, ginshiƙai da shimfiɗaɗɗen rufi. A 1975 da rufin ya buƙaci gyara, sai Falke ya sake shi da bakuna, ya tayar da ƙubba a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masu zanen gini na duniyar Musulmi suke takara a kanta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin Yama shi ne shekara ashirin ɗin nan. Ba a gama masallacin rana ɗaya an miƙa makulli ba. Kowane gyara ya zama dalilin ƙari, maginin yana girma ginin yana girma, jama'ar da ke salla a ciki kuma su ne masu hawa su yi yaɓe.

A Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ɗin dai, tsohon masallacin ƙasa ya yi wa jama'a kaɗan, ya kuma fara lalacewa, har ana maganar rushe shi. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka kawo wata shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabo a gefensa. Aka nemo maginan da suka yi aikin tsohon ginin suka shiga gyaran da hannunsu. Sabon masallacin, mai ɗaukar mutum wajen 1,000, an gina shi da jar ƙasar yankin, wadda aka matse da inji ta zama bulo mai ƙwari da ba ya neman yaɓe kowace shekara, aka yi masa rufi mai ƙubbobi da dogayen ƙofofi da iska ke ratsawa. An kammala aikin a 2018.